Gwangwani Uku na Fim ɗin Rufi

Ran Talatar da ta wuce wasu 'yan mata biyu suka biyo ni har gida daga wani suna a Sakajiki, wai in koya musu bayanin fim. Babbar ta ce ai ba wani aiki ba ne, a kunna kallo a yi ta surutu, a tashi a ba ka tuwo da sabulu. Ban yi musu da ita ba. Na kunna musu wurin da wata Baturiya take wanke kofi ita kaɗai a ɗaki, na ce bismilla. Ƙaramar ta ce, "Tana wanke kofi." Daga nan sai shiru. Baturiya ta wanke, ta goge, ta ajiye, ta sake ɗauka ta wanke, su kuwa suna kallona. Na ce su je su dawo bayan Sallah. Saboda su na zauna rubuta wannan, duk da a aji huɗu na tsaya, don kafin su dawo su san abin da suke nema.

Aikina shi ne in shiga gida wurin mata da 'yar talabijin mai batir, in kunna tsohon fim ɗin Turawa, in riƙa faɗa da Hausa abin da ake ciki. Ba a kashe muryar fim gaba ɗaya. Ana ragewa ne yadda za a ji takun ƙafa da buɗe ƙofa, sai muryarki ta hau sama. Ba a zama gaban kallo, a gefen hagu ake zama, rabin ido kan fim, rabi kan fuskokin mata. Kayan aikina ba su da yawa: talabijin ɗin, batir, ɗan faifan sola da nake shanyawa kan rufin kicin, memori guda biyu a cikin kwalbar man shafawa don kada su ɓace, da faifan tuwo. Faifan tuwon yana da aiki babba. Turawa ba su da kunyar rungumar juna a gaban mutane, don haka dole ki san wurin tun kafin ya zo, ki ɗora faifai kan gilashi ki ce, "Sun gaisa." Idan kika makara da ƙiftawar ido ɗaya, tsohuwar gidan ba za ta sake bari ki shigo ba. Baba da hularsa yake yi, ya kifa ta a bakin majigi.

A wurin Baba na gaji sana'ar. Shi mai majigi ne tun ana yayinta, ya zaga Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da injinsa a bayan mota, yana haskawa a bango yana bayani da lasifika. Fina-finansa bakwai ne, kuma duk na mutum ɗaya ne, wani Baturen Ingila da ya fara aiki bayan babban yaƙinsu. A ɗakin ajiyar ma'aikatan reluwe aka same su lokacin da aiki ya ja baya, wani mai gadi ya ce wa Baba ya kwashe kafin a zubar. Kowane fim gwangwani uku ne, zaren fim a naɗe a ciki. Gara ta cinye takardun da ke jikinsu, wasu kuma bakin zaren ya ruɓe sai da Baba ya yanke. Baba ba ya jin Turanci. Wani tsohon akawun reluwe ne ya zauna da shi, yau gwangwani ɗaya, jibi wani, duk wanda hannu ya kai, yana faɗa masa abin da suke cewa. Baba ya haddace kamar karatun allo, sannan ya jera gwangwanayen da hankalinsa, ya sa musu lamba da jan fenti.

Kafin in yi wayo an daina majigi a fili. Injin ya zauna a ƙarƙashin gado har ranar da Baba ya ga yana neman lalacewa, ya kira wani mai ɗaukar bidiyon biki, ya haska fina-finan bakwai a bangon ɗakin Inna, shi kuma ya ɗauki bangon. Abin da ke cikin memorina ke nan har yau. Shi ya sa a kowane fim akwai tsagar bango daga sama ta gefen dama, kuma a na biyar akwai tsaka da take ratsa fuskar wani alƙali. Mata sun saba da ita, har jiranta suke.

Ina da shekara goma ya fara zaunar da ni. Yayyena maza ba su da haƙuri, su na Indiya suke so. Wata uku bai bar ni na ce uffan ba, kallo kawai. Idan an gama sai ya tambaye ni kofi nawa ne a kan teburi, wa ya fara sunkuyar da kai, takalmin wa ke da laka. In na kasa, a sake. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce mini, ko da yana faɗa. Daga baya ya ba ni muryoyin mata, shi yana yin na maza. Ya koya mini in ja numfashi daidai lokacin da hoto ya canja, kada in ja a tsakiyar maganar mutum. Ya hana ni magana a kan fuskar mai kuka. Ya hana ni ƙara barkwancin da babu shi. Wata rana na sa wa wani ɗan sanda maganar ban dariya, ƙawayena suka kwashe, Baba ya kashe kallon ya ce in tafi in taya Inna surfe, tunda na fi mai fim ɗin sani.

Sunan Baturen yana fitowa a farkon kowane fim, amma ba mu iya faɗarsa ba. Mai Haƙuri Baba yake ce masa, saboda yakan bar hoto a kan fuska ɗaya har sai ka gaji, ka wuce gajiya, ka fara ganin abin da ke ran mutumin. Baba bai taɓa ganin hotonsa ba, amma yana ba da labarinsa kamar tare suka yi ƙuruciya, kuma duk daga cikin fina-finan ya karanto. Ya ce uku na farko na talauci ne: babu launi, mutane kaɗan, titi na gaske da gidajen da bam ya rushe, riga ɗaya a jikin mace tun daga farko har ƙarshe. A nan, in ji shi, mutumin da yunwarsa yake aiki. Na huɗu da na biyar da na shida kuɗi sun shigo, ga launi, ga jiragen ruwa, ga jama'a kamar ranar kasuwar Shinkafi, amma fuskokin sun yi nisa. Baba yakan ce a waɗannan an ba shi babbar riga ta fi ƙarfin kafaɗarsa. Na bakwai kuma ɗaki ɗaya ne da tsoho ɗaya da 'yarsa mai kawo masa abinci. Baba ya ce a nan an daina kiransa manyan ayyuka, ya koma gida, kuma hannunsa ya dawo. Ko haka rayuwarsa ta kasance, Allah masani. Ni dai da na girma na duba, ban ga inda Baba ya kauce ba.

Aikina na farko ni kaɗai a Shinkafi ne, gidan wani malami, wata biyu bayan aurena. Mata sun fi talatin a tsakar gida bayan azahar. Na sa na jiragen ruwa don in burge su. Kafin a kai rabi wasu sun tashi duba tukunya, wata tana tsifar kai. Uwargidan, wata dattijuwa mai carbi, ta ce, "'Yar nan, ba ki da na mutane?" Na canja na sa na biyu, wanda muke kira fim ɗin rufi. Har aka kira la'asar babu wadda ta motsa. Ran nan na gane cewa mata ba ƙasar Turawa suke son gani ba, gida suke son gani.

Ga yadda fim ɗin rufi yake a jerin Baba. Gwangwani na ɗaya: soja ya dawo daga yaƙi, ya tarar da matarsa da jaririnsu a gidan da rabin rufinsa ya tafi. Ba ya magana, ba ya cin abinci sosai, in an saki murfin tukunya sai ya zabura. Na biyu: ya ɗaure akwatinsa da igiya ya fita, matar ta tsaya a bakin ƙofa, ta daɗe, sannan ta ɗauki tsintsiya ta share dokin ƙofar ta shiga. Na uku: sai ga shi daga ƙasan hanya da tsani a kafaɗa, ya hau ya gyara rufin, tana miƙa masa ƙusa, suka zauna suka ci abinci, ya yi dariya sau ɗaya. A nan zaren ya ƙare. Shekara da shekaru haka Baba ya nuna shi, ni ma haka.

Shekarar da aka rufe sabis ɗin waya saboda 'yan bindiga ita ce mugunyar shekara, kuma ita ce na fi yin aiki. An hana kasuwannin mako, an hana sayar da mai a jarka, janareta duk sun yi shiru. Masu shagon tura fina-finai ba su da sabon abu. Ni kuwa da ɗan solana da tsofaffin fina-finaina sai ga ni ana aikowa. Amma ba biki ba, ba suna ba. Gidajen da aka sauki mutanen ƙauyukan Zurmi ne, ɗaki ɗaya mace takwas da yara, sun baro gero a gona bai isa yanka ba. Babu mai abin ba ni, ban kuma tambaya ba. Wani gidan a ba ni kunu, wani a yi mini addu'a. Ina da ciki lokacin, ƙafafuna sun kumbura, ina tafe ina lissafin inda zan ruga in an ji harbi.

A ɗaya daga cikin gidajen nan na san Yaya Asabe. Ta girme ni da kamar shekara goma, doguwa, ba ta da yawan magana. Mijinta ya kawo su Ƙaura ita da yara uku, ya ce zai gangara kudu neman abin yi, tun daga nan babu labari. Duk zuwana sai ta ce, "A sa muna na rufi." Tana zama dab da gilashi. Idan an zo wurin da mutumin ya ɓullo da tsani, kafin in buɗe baki sai ta ce a hankali, "Ga shi nan." Har na daina faɗar wurin, na bar mata. Da sabis ya dawo wasu suka koma, ita ba ta koma ba, ta kama ɗaki tana sayar da ƙuli-ƙuli. Duk wata sai ta aiko a kira ni.

Ɗana Sadiƙu ne ya sa na ga abin da ban gani ba shekara goma sha wani abu. Ya shekara da wata huɗu bai taka ba. Sa'anninsa suna tatata, shi sai rarrafe. Na kai shi asibiti sau biyu aka ce lafiyarsa lau, kowane yaro da lokacinsa, amma ban daina matsa masa gwiwa ina dubawa ba. Na koma duk yaron da na gani, ƙafarsa nake fara kallo. Wata ranar Laraba ina bayani a ɗakin Yaya Asabe, Sadiƙu a bayana, aka zo inda sojan yake ɗaure akwati. Sai na ga ɗan Baturen ya saki ƙafar kujera ya tako, taku uku, ya kama siket ɗin uwarsa. Na ce a raina, ka ga wannan ya riga nawa. Aka shiga gwangwani na uku, mutumin ya dawo da tsani, ga yaro a kan bargo yana rarrafe, ko zama bai gama iyawa ba.

Bakina ya ci gaba da aiki, don ya saba, amma ban san abin da na ce ba. Da na koma gida na mayar da wurin baya ya fi sau goma. Na duba sama da kan matar lokacin da take shara: rufin a gyare yake, sababbin katakai farare tas. Yaro ba ya tafiya ya koma rarrafe. Gyaran rufin ne a tsakiya. Tafiyar sojan ce ƙarshe. Bai dawo ba.

Na je shagon Malam Lawali mai tura fina-finai, na nuna masa rubutun farkon fim ɗin, na ce ya nemo mini na asali. Kwana biyu ya samo. Ya kalla kafin in zo, don haka da dariya ya tare ni, wai ashe Baba ya shekara talatin yana sa wa Bature wando a ka. Na ce ya tura mini kawai. Ya ce in kwantar da hankalina, shi ba zai faɗa wa kowa ba, amma na san shagonsa, magana ba ta kwana a ciki.

Sati biyu ina juya abin. Da sunan Baba nake shiga gidajen mutane, 'yar mai majigi ake ce mini, kuma abin da aka san shi da shi ke nan, ba ya ƙari ba ya ragi. Idanunsa sun tafi, sai haske da duhu yake rarrabewa. Mai gidana ya ce in bar tsoho ya huta, wa zai sani. Na ce Malam Lawali ya sani, ni ma na sani. Yaya Asabe ta aiko sau biyu, na ce Sadiƙu ba ya jin daɗi, wanda ba ƙarya ba ne ƙwarai, yana haƙori.

Ranar Juma'a da hantsi na je. Baba yana zaure a kan buzunsa, rediyo a gefe. Na gaishe shi, na ɗora masa Sadiƙu a cinya, ya shafa kansa yana ce masa angon Inna. Na rasa ta inda zan fara, sai kawai na ce yaron fim ɗin rufi yana tafiya a gwangwani na biyu, yana rarrafe a na uku.

Na ga leɓensa yana motsi, yana bin fim ɗin a kansa.

"Rufin fa?" ya ce.

"A gyare yake lokacin da take shara, Baba."

"Mi ya hana ki faɗa mini tun ranar da kika gani?"

Na ce tsoro. Ya ce in kunna na asalin, in yi masa bayani daga farko, muryar maza da ta mata duka, shi yau ɗan kallo ne. Ban taɓa yi masa shi kaɗai ba. Na yi. Maganganun duk nasa ne, babu wadda ta canja, wurinsu kawai ya canja, amma sai ga su da wani nauyi daban. Dariyar nan guda ɗaya da mutumin ya yi a kan abinci, da muke rufe fim da ita, yanzu ta zama ta tsakiya, kana jinta ka san ba za ta daɗe ba. Da aka zo shara na yi shiru kamar yadda ya koya mini. Ana jin tsintsiya, sannan ƙofa, sannan kiɗa da wani rubutu da bai taɓa kasancewa a namu ba.

Baba ya daɗe yana riƙe da ƙafar Sadiƙu. Sannan ya ce shi ne ya jera da son zuciyarsa, ya ga mutum da tsani ya ce ai dawowa ce, don haka yake so ta kasance. Ya ce a Zurmi har tafi aka taɓa yi masa a wurin nan.

"Uwata, duk gidan da kika shiga ki ce Baba ne ya juya gwangwani. Kada ki ce gara, kada ki ce akawu. Wanga kuskure nawa ne, ki bar mini abina." Ya ɗan yi murmushi. "Kuma kin ja numfashi a tsakiyar maganar matar, wurin ƙusa."

Na faɗa a kowane gida. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce su dai a sa musu tsohon, wanda ya ƙare da daɗi. Ina sa musu, amma sai na faɗa tukuna. Gida biyu sun daina kirana, sun ce in na wancan ya juye, wa ya san sauran.

Ɗakin Yaya Asabe na bari a ƙarshe. Na tarar tana murza ƙuli, hannunta duk mai. Na faɗa mata kafin in kunna, na ce in tana so tsohon yana nan. Ta goge hannu da zane, ta ce a sa na gaskiyar. Mu biyar ne da maƙwabtanta. Da mutumin ya ɓullo da tsani ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba, wurin ya wuce babu murya. Aka ci abinci, aka yi dariyar. Ya ɗaure akwati. Matar ta tsaya a ƙofa, ta share, ta shiga.

Wata maƙwabciya ta ja tsaki ta ce maza ko na Turawa halinsu ɗaya. Yaya Asabe ba ta kula ta ba. Ta matso dab da gilashi ta ce in mayar mata baya kaɗan, wurin sharar. Na mayar. Ta kalla har ƙofa ta rufe.

"Da can ina ta kallon hanya," ta ce. "Ban taɓa kallon ita ba. Ashe ɗan yana riƙe da ita take shara."

Ta tashi ta ɗora kaskon ƙuli a wuta, ta ce in dawo wata mai kamawa, da wannan ɗin.